Kek a Baki, Suruki a Ƙofa

Jama'a, yau saura kaɗan kek ya kashe ni.

Bayan la'asar ni da Audu abokin aikina muka je shan shayi a sabon otal ɗin nan da arzikin mai ya kawo mana. Na cika baki da kek ke nan, sai ga surukina, Alhaji na Jigwada, ya shigo. Ni da ko ruwa ban taɓa kurɓa a gabansa ba! Na durƙusa, gaisuwa ta ƙi fita. Ba halin taunawa, ba halin tofarwa.

Audu ya ce, "Baba, haƙori ke damunsa."

Alhaji ya dubi kumatuna, ya ja kujera ya zauna yana fuskantar bango.

Ya ce, "Haɗiye, Malam. Ban gani ba."