Hannun Mai Dalma

Mai Dalma ba ya damƙe sitiyari. Yatsu uku yake ɗorawa a kai, sako-sako, kamar mai taɓa goshin yaro ya ji ko da zazzaɓi. Haka na san shi yana tuƙi tun gashinmu yana baƙi.

Rumfarsa tana jikin shagona, inda nake sayar da baƙin mai. Aikinsa guda ne, motar da sitiyarinta ke rawa in ta ɗau gudu. Mai mota zai zo ya ce a cikin gari lafiya lau, amma da an hau doguwar kwalta, allura ta haura ɗari, sai hannu ya kama kaɗawa har kafaɗa. Ba ya yawan tambaya. Ya karɓi makulli ya fita shi kaɗai. In rawar tana zuwa da gudu, tana tafiya in an sassauta, ya ce nauyin ƙafar ne bai daidaita ba. Sai ya ɗaga motar a jak, ya juya tayar, ya sa alli a inda take rinjaya, ya maƙala 'yar dalma a bakin wili daura da wurin. Daga nan sunan ya samo asali. In sai an taka birki take zuwa, ya tura mutum wurin mai birki. Bayan gyara yakan sake fita gwaji, kuma ba mai karɓar motarsa sai ya dawo ya ce, "Ta kwanta."

Matarsa ce ta fara lura da hannun nasa, don shayi ya soma zuba masa a gaban riga. Ni kuma na ga hannun dama ya koma zama cikin aljihu, ko da ana zafi. In zai ɗaura noti sai ya juya wa titi baya. Ban ce komai ba, ita ma ba ta ce ba. Kowa ya san abin da ke kawo motoci rumfar nan, kuma ba dalmar ba ce.

Yana da ƙane, Auta, wanda ya riƙe tun rasuwar mahaifinsu. Direban motar haya ne mai dogon zango, ga baki. Wata safiya ya shigo da motarsa yana dariya tun daga nesa.

"Yaya, amaryar tawa ta koyi rawa. Da na taka ta sai ta hau makyarkyata kamar ta ga uwar miji."

Mai Dalma ya ce ai mijin ne ba ya zama wuri ɗaya. Ya ɗaga ƙafafun gaba, ya juya, ya sa alli, ya sa dalma. Auta yana zaune a bencina yana ba ni labarin fasinjan da ya shigo masa da akuya a cikin buhu. Sannan yayan ya fita gwaji. Ya daɗe fiye da yadda ya saba.

Abin da ya faru a hanyar sai bayan shekaru ya faɗa mini, yana kallon ƙasa. Ya ce da allura ta haura, ya ji rawar a yatsunsa. Ya ɗaga hannun daga sitiyarin, sai ya ga hannun yana rawarsa shi kaɗai a iska. Ya mayar, ya ɗaga, ya mayar. Ya sa na hagu, amma na hagu bai taɓa koyon aikin ba. Da ya ce wa Auta ya zo ya riƙe ya ji da kansa, da an gama. To, a rumfar nan ba a taɓa yin haka ba.

Ya dawo ya miƙa makulli da hannun hagu.

"Ta kwanta, Yaya?"

"Ta kwanta."

Ba a rufa mako ba tayar gaba ta motar Auta ta fashe a wata gangara. Waɗanda suka duba sun ce ta kumbura ne ta gefen ciki, inda ido ba ya kaiwa sai an kwance ta. Fasinjojin sun fita da raunuka. Auta ya fita da ransa, amma daga ƙugu zuwa ƙasa bai ƙara jin komai ba.

Bai taɓa tambayar yayansa ba. Mutane suka ce ƙaddara, suka ce tayoyin zamani, Mai Dalma yana jinsu. Ya dawo da Auta gidansa, ya ba shi ɗakin da ke kusa da ƙofa, ya samo masa keken guragu na hannu. Gwaji kuwa bai sake fita ba. Yakan sa dalma ya ce wa mai mota ya je ya gwada da kansa. Motoci suka yi ta raguwa, har ya zama wani yinin ni kaɗai nake gaishe shi.

Bakin Auta dai bai mutu ba. Wata rana na je dubiya, yana tura kekensa a tsakar gida, ƙaramar ƙafar gaba tana ta kaɗawa a kan siminti.

"Yaya, ka ga wannan ma ta koya. Ni dai duk wadda na aura sai ta yi rawa."

Matar gidan ta yi dariya, ta shige ɗakin girki da sauri. Mai Dalma ya ce a bar masa keken, gobe zai duba.

Washegari ya turo keken rumfa, ya kife shi a kan tebur, ya cire ƙafar. Ƙaramin aiki ne, boris ɗin da ƙafar ke juyawa a kai ne ya cinye. Ya sayo sabo, ya zura. Saura noti ɗaya. Daga shagona ina jin ƙararsa yana faɗuwa a ƙasa, a ɗauka, ya sake faɗuwa. Na leƙa na ce ko in kama masa. Ya ce a'a, wannan nasa ne.

Da la'asar ya ce kansa yana sara masa, ya ja ƙofar rumfar ya tafi gida. Bai sake fitowa ba sai a kafaɗun mutane.

Da aka buɗe rumfar, keken yana nan a kife, ƙafar a gefe, notin a cikin murfin gwangwani tare da guntun alli. Na ce zan ɗaura in kai wa Auta. Auta ya aiko cewa a bar shi tukuna.