Lurwanu Mai Tsire da Yankan Hotuna

Lurwanu mai tsire bai taɓa karanta ko layi ɗaya a cikin littattafansa ba, amma ya tara su har sun cika akwatin ƙarfe biyu. Mutanen unguwar Utaibiyya a Makka da abu biyu suka san shi: yajinsa, wanda Larabawa ke tasowa tun daga unguwar Zahir su ci suna hawaye suna neman ƙari, da kuma wannan ciwo nasa na tsofaffin littattafan tatsuniya masu hotuna. Yajin a gabansa ake yabo. Littattafan kuwa sai ya juya baya ake maganarsu.

Asalinsa mutumin Bichi ne. Da ƙafa suka taso shi da matarsa Ɗaso, shekara bakwai suna hanya. Ya yi ƙwadago a Chadi, ya tsinci auduga a Sudan, ya yi dako a bakin teku kafin su sami jirgin ruwa. 'Ya'ya biyu suka haifa a hanya, a hanya kuma suka binne su. Da suka sauke farali, Ɗaso ta ce ita dai ta iso ke nan, a nan za a binne ta, mai sauran ƙafa ya koma. Lurwanu ya dubi tasa ƙafar, ya ga ba sauran tafiya a cikinta. Ya haɗa ɗaki ɗaya da kwano da katakon akwati, ya kafa tukuba a bakin hanya.

Takardar naɗe tsire ce ta ja masa wannan ciwo. Mutanenmu ba sa naɗe nama da takarda mai rubutun Larabci, ko da tallar sabulu ce, don ba ka san inda sunan Allah ya ɓuya ba. To a Makka wace takarda ce ba Larabci ba? Shi ya sa kowace Alhamis yake sammako zuwa haraj, kasuwar gwanjon tsofaffin kaya, ya kwaso takardu dami guda, ya zauna ya tace. Mai Larabci ya ɗora a sama inda ƙafa ba ta kai, mai rubutun Nasara ya ajiye wa nama. A lokacin ana ta rushe gidajen da ke kewaye da Harami don a faɗaɗa masallaci, gidajen Turkawa da Indiyawa da Jawa waɗanda kakanni suka gina, tarkacen cikinsu kuwa duk a haraj yake ƙarewa.

Wata rana ya sami wani littafi mai jan bango a cikin damin. Rubutun Nasara ne, don haka ya halatta ga nama. Ya yage shafi biyu ya naɗe wa wani direba tsire. Ya kai hannu zai yage na uku, sai ya ga wani sarki zaune a cikin tulu, kurciyoyi huɗu suna jan tulun a sararin sama, mutanen gari a ƙasa sun ɗaga kai baki buɗe. Ya tsaya yana kallo har tsinke goma suka ƙone. Daga nan ya bar tukubar a buɗe, ya bi direban har tasha, ya karɓo shafukansa biyu da maiƙonsu da yajinsu.

Tun daga ranar ya shiga uku. Dillalan haraj suka gane shi. Ba a baje irin wannan kaya a fili a garin nan, sai su ɓoye masa a ƙarƙashin tsohuwar darduma, in ya zo su ƙyafta masa ido. Ya sami na Istanbul, ya sami na Bombay, ya sami na Masar, wasu an buga su tun ba a haifi ubansa ba, takardar ta yi ja kamar an shanya ta a hayaƙi, kowane hoto da 'yar siririyar takarda a kansa kamar lulluɓin amarya. Sau ɗaya ya taɓa kai wa wani alhaji Baturke littafi don ya faɗa masa abin da ke ciki. Baturken ya faɗa, Lurwanu ya ji labarin bai kai rabin wanda shi ya ƙulla a ransa ba. Bai sake tambayar kowa ba.

Kafin ya taɓa su sai ya wanke hannu da toka, ya sake da sabulu. Kanumfari yake barbaɗawa a akwatin saboda kyankyasai, ita kuwa Ɗaso in ta nemi ƙwaya biyu na kunu sai ta yi roƙo. Ta sha faɗa wa maƙwabta cewa mijinta ya fi wanke hannu don aljanu da 'ya'yan sarakuna fiye da yadda yake wankewa don tuwonta. Mutane kuma ba su gaji da tuna masa ba cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da hoto. Abin mamaki, Ɗaso ce ke tare masa wannan faɗan. Takan ce ga Harami can a kusa, me mala'iku za su zo nema a ɗakin kwano mai warin ƙuliƙuli?

Haka aka yi ta tafiya har shekarar 1967, da ciwon ciki ya kwantar da ita. Aka kai ta asibiti, suka duba, suka ce a mayar da ita gida. Kowa ya san ma'anar wannan, ita ma ta sani. Kwana biyu idonta na kan akwatunan nan da ke gindin gadonta. A na uku ta kira mijinta.

"Malam," ta ce, "shekara bakwai na yi ina tafiya don in mutu a garin nan. Ba zan zo ƙarshe a ce baƙina mala'iku sun tsaya a waje saboda wani sarki a cikin tulu ba."

Lurwanu bai yi musu ba. Ya ɗauki akwati ya shiga maƙwabta. Baraka mai ƙosai, wadda suka yi shekara goma sha biyar katanga ɗaya, ta ce masa ita ma tana da bukatar mala'ikun, kuma gidanta ba ma'ajiyar aljanu ba ne. Gida shida ya shiga, amsar ɗaya ce, sai dai wasu sun fi wasu ladabi. Tukuba ba wurin takarda ba ce. Ya gwada ajiye su bayan ɗaki a kan ganga, ya buɗe murfin don su sha iska, kafin ya dawo daga sallar azahar awakin unguwa sun cinye rabin na Bombay. Awakin Makka ba su san ciyawa ba, takarda ce abincinsu.

Sai ya tafi wurin Malam Abdulganiyyu, limamin ƙaramin masallacin unguwa, haifaffen Makka, mai Hausa rabi Larabci rabi. Malam ya ce mafi sauƙi a ƙona su, halas, wato shi ke nan. Da ya dubi fuskar dattijon sai ya sassauta, ya ce akwai abin da mutanen da suke yi: a ja layi da tawada a wuyan duk wani mai rai, a raba kai da gangar jiki, shi ke nan ya tashi daga hoto. Lurwanu ya tambaya ko siririn layi kamar gashi zai wadatar. Malam ya ce a'a, ya ammi, wato baffa, sai wanda ido zai gani.

Ya rufe tukuba. Ya feƙe alƙalami, ya dafa tawada, ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa inda haske ke shigowa. Ba wanda ya ce masa ya yi haka, amma mutumin da ya yi shekara talatin yana yanka rago hannunsa ba ya mantuwa: kowane littafi sai ya juya shi ya fuskanci alƙibla, ya yi bisimilla, ya ja layin daga gefe zuwa gefe, ja ɗaya, ba ɗaga hannu. Matan unguwa suka riƙa leƙowa suna danne dariya da mayafi. A rana ta biyu, da suka ga ba wasa yake yi ba, suka daina leƙowa.

Ɗaso ce mai duba aiki. Ita da ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba, yanzu kowane shafi sai an miƙa mata a kan gado. Wani dodo mai kai bakwai, Lurwanu ya ja layi ɗaya a gindin wuyan, ta ce kada ya yi mata wayo, saura shida. Wata 'yar sarki kuwa ta ce ya yanka ta da kyau, dubi yadda ta fito gaban maza ba ko ɗankwali. Wani lokaci takan riƙe shafi ta daɗe, ta tambaye shi wannan yaron mai fitila ina za shi, ya faɗa mata nasa labarin, ta ce ƙarya yake yi, daga ganin idonsa gudu yake daga gida.

A rana ta tara saura littafi ɗaya, ƙarami mai shuɗin bango. A tsakiyarsa akwai wata mace, daga ƙugu zuwa ƙasa kifi ce, tana zaune a kan dutse a cikin teku tana kallon jirgin da ya yi nisa. Gefen shafin ya yi baƙi saboda yawan buɗewa. Lurwanu ya tsoma alƙalami, ya riƙe a sama har tawadar ta bushe. Ya sake tsomawa, ta sake bushewa. Ɗaso na kallonsa.

"Kai da kake mai nama," ta ce, "tun yaushe aka fara yanka kifi?"

Ya ce samanta mutum ce, kuma Malam ya ce duk mai rai. Yanzu shi ne ya dage. Ya ce bai yanka ɗaruruwa don ɗaya ta ɓata masa aiki ba, kuma in wani abu ya same ta saboda wannan, ina zai sa kansa?

"Malam Abdulganiyyu ya san hadisi, ni na san tukunya. Miƙo nan. In mala'ikun sun tambaya, ni zan ba su amsa."

Ta karɓi littafin ta tura ƙarƙashin matashinta. Ya roƙe ta washegari, ya roƙe ta jibi, ta ce ya tafi ya buɗe tukubarsa ya daina cika mata kunne. Kwana huɗu bayan nan ta cika, da hantsi. Baraka ce ta yi mata wanka, ita ce kuma ta tsinci littafin. Ta buɗe ta gani, ta rufe, ta miƙa wa Lurwanu.

Bayan an share makoki ya kai wa Malam Abdulganiyyu littafin, ya tambaya ko ya ja layin yanzu. Malam ya daɗe yana duban shafin, sannan ya ce wadda ta hana ta riga ta tafi da maganarta, shi ba zai shiga tsakaninta da Ubangijinta ba. Lurwanu ya dawo da shi bai ja ba. Mala'ikun sun shigo ko sun tsaya a waje, bai sani ba, ba kuma wanda zai gaya masa. Shekara shida ya ƙara a duniya, kuma kowace Juma'a in an idar da salla a Harami ba ya tashi da mutane. Sai ya jira cunkoso ya ragu, ya yi ɗawafi, ya ce ladan na Ɗaso ne.