Itacen da Mariatu Ta Gani a Tacoma

Malam Gafaru mutumin zangon Kumasi ne. Ya zo New York da ƙarfinsa, ya ja tasi har furfura ta cika masa kai. Shi da matarsa Mariatu suna zaune a unguwar Soundview, cikin wani dogon bene wanda ko baranda ba shi da ita. 'Yarsu ɗaya ce, Nadia. Ta karanta aikin jinya, ta sami aiki can yammacin ƙasar, a garin Tacoma.

Bayan layinsu akwai wani fili da 'yan unguwa suka kewaye da waya suka mai da shi lambu, kowa da ɗan fangalinsa. Mariatu ce ke da fangali a ciki, tana shuka gauta da attarugu da alayyafo. Shi Gafaru iyakarsa ya ɗauko mata buhun taki a bayan mota, ya ajiye a bakin ƙofa, ya koma bakin aiki.

A shekarar 2012 Mariatu ta je ganin Nadia. Da ta dawo, ba ta da zance sai na wani itace.

"Madron ake ce masa," in ji ta. "Jikinsa ja kamar an sa masa lalle, yana saɓa ɓawo irin na gwabar gidanmu ta Kumasi. Kuma ko sanyi ya zo ganyensa ba ya zuba. Ei, Alhaji, sai ka gani."

Ya yi dariya ya ce, "Kin tafi ganin 'yarki, kin dawo mini da labarin itace."

Da shekara ta zagayo ciwo ya kwantar da ita. Kafin sanyi ya shigo Allah ya yi mata rasuwa.

Da bazara ta kama, Gafaru ya ɗauki makullin lambun don ya mayar wa masu kula da wurin. Ya shiga, ya tarar da fangalinta ya cika da busassun karan attarugu, ga 'yar fartanyarta jingine inda ta bar ta. Ya daɗe a tsaye. Daga nan ya mayar da makullin aljihu. Ranar ya kira Nadia ya ce ta nemo masa dashen madron.

Ta kawo masa shi da kanta a cikin tukunyar roba, ɗan tsiro da bai wuce gwiwa ba. Ta ce, "Baba, mai sayarwa ya ce ba ya son a taɓa saiwarsa, tudu mai tsakuwa yake so, ba ya son ruwa da yawa lokacin zafi. Kuma ya ce winter ɗin New York, sanyin nan naku, ba irin namu ba ne. I don't want you to be sad, ba na son ranka ya ɓaci."

"Ba komai," in ji shi. "Mu dai mu shuka."

Mai fangalin da ke maƙwabtaka da nasa Hajiya A'i ce, 'yar Maraɗi, mai sayar da gyale da turare a bakin titi wajen Concourse. Ƙawar Mariatu ce ta ƙut da ƙut. A gefen fangalinta akwai wani ɗan fure ruwan ɗorawa mai sheƙi kamar an shafa masa mai, wanda ta gada daga wata tsohuwa da ta riƙe wurin kafin ita. Batakap sunansa. Ta tsaya tana kallon Gafaru yana haƙa rami, ta kasa yin shiru.

"Alhaji, in don Hajiya Mariatu kake son shuka abu, ga batakap in tsinko maka. Ba ya neman komai. Ƙasar garkar nan mai riƙe ruwa ce, shi kuma abin da yake so ke nan. Sanyi ya kwantar da shi, da bazara ya tashi."

"Wannan ai ciyawa ce, Hajiya."

"Bon, ciyawa ce, ban musa ba. Ba a cin ta, ko akuya ba ta kusantarta, kuma in ka yi sake sai ta cinye garka duka. Amma tana rayuwa. Wannan naka, ɗiyarka da bakinta ta ce tudu yake so mai tsakuwa."

"Mariatu ba ciyawa ta ce tana so ba," in ji Gafaru, ya ci gaba da haƙa.

A'i ta koma fangalinta. Kashegari ma ita ta kawo masa bokitin tsakuwa ya zuba a gindin ramin.

Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba, sai ga shi kullum da safe a lambu kafin ya fita da mota. Da zafin Yuli ya tsananta ya ga ganyen ya yi laushi, tausayi ya kama shi, ya manta da gargaɗin Nadia, ya riƙa kwarara masa ruwa. Ganyen ya fara yin baƙin tabo. Ya daina ba shi ruwan, tabon bai daina ba. Duk da haka tsiron ya fitar da sabon reshe, ɓawonsa ya ɗan tsage, ja ya leƙo. Gafaru ya kira duk wanda ke lambun ya zo ya gani, har da mutanen da bai taɓa gaisawa da su ba.

Da sanyi ya matso ya kewaye shi da buhuna, ya lulluɓe da tsohon bargo, ya ɗaure da igiya. Sanyin farkon 2015 bai yi wa kowa da sauƙi ba. Ƙanƙara ta toshe ƙofar lambun, ta daskare kamar dutse. Yakan tsayar da tasi a bakin waya, ya leƙa ƙullin bargon daga nesa, ya wuce.

Da ƙanƙara ta narke ya kwance bargon. Ganyen duk ya ƙone. Ya sa farce ya kankare jikin reshen yana neman ɗanye, ya sauka har gindi, ko'ina a bushe. Ya kifa bokiti ya zauna a kai. A'i tana can tana gyaran nata fangalin. Ta zuba masa shayi daga fulas ɗinta, ta ajiye kusa da ƙafarsa, ta koma aikinta.

Daga ranar ya ɗauke ƙafa daga lambun. Sai cikin watan Mayu A'i ta kira shi a waya ta ce, "Alhaji, ka zo ka ga garkarka, ni ba ni iya mata."

Ya zo ya tarar batakap ya tsallako iyaka ya shimfiɗe a fangalinsa, ruwan ɗorawa tun daga gefe har gindin busasshen itacen. Ransa ya ɓaci. Ya durƙusa ya shiga tumɓukewa da hannu, ba ya ji ba ya gani, har hannuwansa suka yi ja suna ƙaiƙayi, don ruwan ciyawar yana cin fata. A'i ta miƙo masa safar hannu.

"Ba ni na turo shi ba, wallahi," ta ce. "Da ƙafarsa ya zo."

Bai san lokacin da dariya ta kuɓuce masa ba. Ya share fangalin, amma ya bar kusurwa ɗaya, ya binne katako ya tsare ta don kada furen ya sake yawo. Sauran wurin ya shuka gauta da attarugu, A'i tana nuna masa tazarar da zai bari. Busasshen madron ɗin ya cire shi ya tafi da shi gida.

Ƙarshen rani ya ajiye tasi ya hau jirgi zuwa Tacoma, zuwansa garin na farko ke nan. Nadia ta kai shi wani gangare mai tsakuwa a bakin ruwa. Itacen yana nan, ya fi gidan sama tsawo, ya karkata wajen teku, ɓawonsa yana nannaɗewa yana zuba.

"A nan Mama ta zauna," in ji Nadia.

Rana tana dukan itacen, amma da Gafaru ya ɗora tafinsa a jikinsa sai ya ji shi da sanyi kamar randa. Ya janye hannun, ya sake ɗorawa. Ya ce Nadia ta zo ta taɓa, ta ce ta sani, haka yake. Ya cire takalmi ya zauna a gindinsa, ya yi wa Mariatu addu'a, Nadia tana amsawa da amin. Suna nan zaune har yunwa ta tashe su.