Inna Talatu mai tukwane ta tafi ban kai mata amsarta ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ɗaura takalmi Sabo ya kira ni, wai Inna ta rasu bayan asuba. Har yanzu takalmin ɗaya ne a ƙafata.

Inna Talatu mahaifiyar abokina Sabo ce, maginiyar tukwane a Wurno ta kusa da Birnin Kudu. Da aka kawo ni sakandare Birnin Kudu daga Gwaram, gidanta nake zuwa hutun ƙarshen mako, don namu ya yi nisa. Ba ta taɓa zuba wa Sabo tuwo ta rage nawa ba. Ranar komawa makaranta kuwa sai na tarar da ƙuli-ƙuli a jakata, ita kuma ta yi kamar ba ta san zancen ba.

Aikina yanzu shi ne auna ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da suka zama dutse, don gano zafin teku a zamanin da dabbobi suka fara bayyana a duniya. Ko a gidanmu in na faɗi haka dariya ake yi. Kawuna cewa yake na yi digiri a kan ruwan da ya ƙafe.

Ranar da na faɗa wa Inna, ita ba ta yi dariya ba. Ta jawo wata randa, ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta ce, "Ka ji? Wannan ta sha wuta sosai. Ban ga lokacin da aka gasa ta ba, amma ta faɗa min. Kai ma ƙwanƙwasa kake yi ke nan."

Wallahi ko malamaina na jami'a ba su taɓa yi min bayanin aikina haka ba.

Tun ranar, duk zuwana tambayarta ɗaya: "Ɗan nan, ruwan naka da zafi ko da sanyi?" In ce ba a gama ba, Inna. Ta ce, "Wannan tukunya taka ta daɗe a wuta."

Haɗuwarmu ta ƙarshe da ƙaramar salla ce. Ta rame, ta daina gini. Ta ce min, "Ni dai na ce da ɗumi. Halitta sabuwa, ƙanana haka, ai sai ruwan ɗumi, kamar wankan jariri." Na yi mata gardama, na ce sai abin da inji ya nuna. Ta ce to inji ya yi sauri, ita ba ta da lokacin inji.

Na ɗauka tsokana ce.

Kwana tara ke nan da sakamakon gwajina ya fito. Sabo ya ce in kira ya miƙa mata waya, na ƙi. Na ce wannan ba maganar waya ba ce, sai na durƙusa gabanta na ce "Albishirinki", ta ce "Goro", ta ba ni da hannunta. Na sa ranar Juma'ar nan mai zuwa. Yau Laraba.

Inna, da ɗumi. Ke ce da gaskiya. Wannan jinkiri nawa zai daɗe yana ci na.

Allah Ya jiƙanki, Ya sanyaya makwancinki kamar yadda randunanki suka sanyaya wa mutane ruwa, Ya ba Sabo da ƙannensa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a. Wanda kuma yake riƙe da wani albishir na tsohuwarsa, ya kira ta yau.