Kaskon Inna da Ashanar Garba

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifiyata Inna a nan Wurno, amma har yau in na ga kasko sai na yi dariya ni kaɗai.

Inna ba ta barin wutar murhunta ta kwana. Sauran mata kan binne garwashi cikin toka, ita kuwa ruwa take kwara wa nata. Gari na wayewa sai ta ɗauki kasko ta fita ɗibar wuta a maƙwabta. Kafin ta dawo ta san wa ta haihu, wa ya kwana da zazzaɓi, su wa suka yi faɗa, har ta sasanta su. Ranar ruwa kuwa busasshen kashin shanu take ɗorawa kan garwashin, ta kife da ƙwarya, ta iso da wutarta a raye. Mu dai muna gida da yunwa, muna jiran koko.

Bana ɗana Garba ya dawo fatauci daga Nufe da ashana. Ƙyas ɗaya, wuta ta tashi! Wallahi na yi murna, na rarraba wa unguwa, har ƙanwata ta Rabah na aika wa. Kowa ya huta, amma zauruka suka yi tsit. Na tabbata da Inna na nan, da ta yi mana tas.

Wadda ta tsaya mini a rai ita ce Gwaggo Hajo, aminiyar Inna, da ciwon ƙafa ya zaunar. A da gidanta kowa ke zuwa ɗibar wuta, don garwashinta ba ya mutuwa. Yanzu takan yini ba ta ji sallamar kowa ba.

Jiya da safe na tura ashana ƙarƙashin tabarma, na ɗauki kasko na nufi gidan Gwaggo. Na iske ta ta rura wuta, tana kallon ƙofa.

"Ke Ladi, mi ya kawo ki? Ba ɗanki ne ya kawo muna iccen nan mai haihuwar wuta ba?"

"Ya jiƙe, Gwaggo."

"Cikin rani? Ƙaryakki ba ta kai ta uwakki ba. Zamna!"

Muka sha hira da dariya har rana ta ɗaga. Ko da na isa gida garwashin ya mutu, jikokina na ta ƙorafi kamar mu da. Allah ya jiƙan Inna, gadon da ta bar mini ke nan.

Yau da safe na koma, na tarar maƙwabta sun riga ni, kowace da kaskonta, kowace wai ashanarta ta jiƙe.