Kwanon da Huraira Ta Adana

Kafin hannuwanta su ci amanarta, duk Gyadi-Gyadi babu mai kitso kamar Huraira. Har daga Tarauni ake kawo mata amare. Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, yatsunta suka fara kumbura, su ɗau zafi, su sandare. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, jikinta ke yaƙar kansa, ba a ɗauka. Amma maƙwabciyarta Asabe, wadda ita ma kitson take yi, ta riga ta cika unguwa da cewa kuturta ce.

Ranar sunan jikar Asabe, mata na cin tuwo tare, aka zuba wa Huraira nata a wani tsohon kwano mai lamba, aka ajiye mata can gefe. Ta cinye tas, ta tafi da kwanon gida. Sana'ar kitso ta mutu, ta koma sayar da kuka da daddawa.

Ana nan, ciwon suga ya kama Asabe, ƙafarta ta yi gyambon da ya ƙi warkewa. Masu dubiya daga bakin ƙofa suke gaishe ta, mayafi a hanci. Huraira ta dama kunu, ta shiga har bakin gado, ta miƙa da karkatattun yatsunta.

"Sannu, Asabe. Babu suga, sha abinki."

Asabe ta dubi kwanon, ta gane shi.

"Naki ne," in ji Huraira. "Na san ranarsa za ta zo, shi ya sa ban yar ba."