Ƙararrawar da Na Tsayar a Bugu na Arba'in da Ɗaya

Lokacin da wannan abu ya faru ina da 'ya'ya biyu, ba mu daɗe da tasowa daga Argungu zuwa Gwadangaji ba saboda an yi wa maigidana canjin wurin aiki. Ni mace ce mai sa ido, ba zan ɓoye ba. Ko baƙon takalmi na gani a ƙofar gidan maƙwabta sai na san mai shi, kuma magana ba ta kwana a bakina. A gida ana tsokanata cewa da an ɗauke ni aikin tsaro da ɓarayi sun bar gari. Ina jin daɗin wannan kirari, ban san shi zai jawo mini nadamar da take cina har yau ba.

Gidan da muka kama haya yana bayan wata ƙaramar coci. Mai buga ƙararrawarta wani dattijo ne daga ƙasar Zuru, tsohon malamin firamare, duk unguwa Baba muke ce masa, matarsa kuma Mama. Mama tsohuwar ungozoma ce. Ita ta fara shigo mini sannu da zuwa da ƙwaryar gyaɗa, kuma ranar da ƙaramin ɗana ya shiɗe da zazzaɓi ita ta goya shi ta tare keke napep, ni ina bin ta ina kuka. Da hannuna na sa lambarta a guruf ɗinmu na waya na matan unguwa.

Sai aka shiga wani lokaci na jita-jitar rashin tsaro, kullum da labarin da za a kawo daga ƙauyuka. Wata maƙwabciyata ta raɗa mini cewa ƙararrawar nan ba ta ibada ba ce kawai, akwai saƙon da suke aika wa juna da yawan bugun. Maganar ta zauna mini. Na riƙa kasa kunne har na haddace tsarinta: Lahadi da safe da Laraba da yamma, bugu da sauri-sauri. Na soma ja da baya daga Mama, gaisuwa ta koma ta ɗaga hannu daga nesa. Da na ji an kai ta wurin 'yarta a Argungu ba ta da lafiya, kullum sai in ce gobe zan kira.

Wata Talata da hantsi ina tsince shinkafa sai na ji ƙararrawa ta buga sau ɗaya, ta yi shiru. Can ta sake bugawa. Ba ranarta ba ce, ba lokacinta ba, ba kuma irin bugunta ba. Na taka turmi na leƙa ta katanga, na ga baƙin motoci biyu, mutane suna shiga babu mai fara'a, ana sauke buhuna. A bugu na goma sha biyu na ɗauki waya na tura saƙon murya a guruf, na ce kowace mace ta shigar da yara, ana ba da alama a coci, an kawo baƙi da kayan da Allah kaɗai ya san mene ne. Na rantse cewa da idona na gani.

Kafin rabin awa saƙon ya fita daga hannun mata ya zaga gari. Samari suka taru da sanduna. Ina ɗaki ina ci gaba da ƙirga, a arba'in da ɗaya sai ƙarar ta yanke. Allah ya sa mai unguwa ya iso da wuri, ba a zubar da jini ba, amma don a kwantar da hankalin jama'a aka kwance igiyar ƙararrawar aka tafi da ita. Har ina jin na yi abin kirki. Da azahar maigidana ya shigo, bai ko zauna ba, ya ce Mama ce ta rasu da safe, motocin nan gawarta suka kawo, buhunan kuma shinkafar masu zaman makoki ce.

Sai a rana ta uku na iya ɗaga ƙafa na je gaisuwa, ina fatan Baba bai san muryar wa ce a saƙon ba. Na tarar da Baba zaune a kan benci ƙarƙashin ƙararrawar. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi jikin ɗana da sunansa. Sa'an nan ya ce, 'yata, bari in gaya miki abin da kika ji. Ya ce a wurinsu ƙararrawa murya ce da ke tuna wa mutum Mahaliccinsa yana tsakiyar hidimarsa. In an buga da sauri, ana cewa ku zo sujada ne, ko ku zo ku taya murna. In an buga ɗaya-ɗaya, wani ya koma ga Ubangiji, kuma a cocinsu kowane bugu godiya ce a kan shekara ɗaya da Allah ya ara wa mamacin, shirun da ke tsakani kuwa na addu'a ne. Ya ce ya buga wa mutane da yawa, Mama kuma tana yi masa wasa cewa ranar tata kada ya rage mata ko ɗaya. Shekarunta sittin da uku.

Na buɗe baki zan yi ƙaryar ban san yadda maganar ta tashi ba, sai ya zaro wayar Mama daga aljihu ya ajiye a kan benci. Ya ce wayar tana jikinsa lokacin da saƙon ya shigo. Bai zage ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, da na ƙwanƙwasa ƙofa da ya gaya mini. Na yi kuka na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe. Bayan makonni an mayar da igiyar, amma ya riga ya koma garinsu, bai sake taɓa ta ba.

Abin da na koya shi ne, sa ido ba sani ba ne. Tsakanina da gaskiya katanga ɗaya ce, na tsallake ta na tambayi tsorona. 'Yan uwana mata, in kun ji abin da ba ku gane ba a ibadar maƙwabci, ku je ku tambaye shi kafin ku danna waya, domin muryar da ta fita ba ta dawowa. Ni Musulma ce, na san haƙƙin maƙwabtaka, na kuma san na ci shi. Har yanzu duk Lahadi in ƙararrawar ta tashi sai in ajiye abin da ke hannuna, in tuna cewa akwai shekara ashirin da biyu na matar da ta goya ɗana waɗanda na hana mijinta ya gode wa Allah a kansu.